Awo Biyu

Ni ne mai sikelin bakin ƙofa.
Shekara goma sha ɗaya ina auna motoci a Dakace,
kowace tirela sau biyu:
da kaya in ta shigo, wayam in za ta fita.
Abin da ke tsakani shi nake rubutawa.

Bara da kaka aka raba mu da uwar kamfani.
Su suka riƙe matsar mai,
mu aka bar mana dusa da abincin kaji
da sabon allo mai hoton jan zakara
da korayen riguna, ɗaya-ɗaya.
Manaja ya hau kan buhunan waken soya,
ya ce, "An yaye ku, sai ku tsaya da ƙafarku."
Aka tafa. Ni ma na tafa, ba zan ɓoye ba.

Wata bakwai.
Fentin zakaran bai ko dushe ba
sai ga takarda manne a ƙofar sito:
wasu daga Ikko sun saye mu,
mu da injin da bashin da zakaran.

Da azahar, gindin darbejiyar Lantana mai shinkafa da wake,
ba a ji ƙarar cokali ba.
Barau ne ya fara, da gari a girarsa:
"Wane irin yaye? Turka ce.
In an ware rago daga garke, an ba shi harawa shi kaɗai,
ba don ana son ganin ƙibarsa ba ne.
Mu muka share littafi, mu muka yi aikin dare,
da muka yi sheƙi sai ga mai wuƙa."

Rifkatu ta ofishin kuɗi ta gyara gilashi.
Kullum daga Wusasa take zuwa, ba ta taɓa latti ba.
"Ni na ga lissafin, Barau.
Janareto na kwankwaɗar dizal kamar ba gobe,
masara ta hau a kasuwar Giwa ta ƙi sauka.
Wata uku nan gaba, da rabin albashi za ka je Sabon Gari.
Gara a saye ka kana tsaye."

Malam Tanimu bai ci ba.
Saura wata huɗu ya cika ashirin, ya karɓi kuɗin sallama,
ya rufa ɗakuna biyun da ya bari a Gyallesu ba kwano.
Ya ce, "Ran da aka raba mu, an ce shekaruna sun biyo ni.
Ga shi za a shiga gida na uku.
Shin shekaru na da ƙafa?
Me ya hana su jira Disamba?"

Sallau, da ya zo jiya-jiya, dariya yake ɓoyewa:
ya ji sababbin na tura yara kwas Ibadan.
A ganinsa ma sun makara.

Dogara mai gadi ne ya yi ta ƙarshe,
yana sakace da tsinken tsintsiya:
"Masu farar motar nan?
Tun kafin a rataya zakara na buɗe musu ƙofa.
Da igiyar awo suka zagaye katanga.
Ku kuna ƙirga wata bakwai,
ni sha uku nake ƙirgawa."

Lantana ta kwashe kwanoni.
Ta tambaya, ba wasa a fuskarta,
ko mutanen Ikko sun sayi bashin abincinta ma.

Hadari ya taso ta wajen Kufena.
Wata tirela daga Soba na ta hon,
na koma ɗan akurkina, na kunna sikeli.
Tan talatin da biyu da ɗigo huɗu.

Mu ma an auna mu, na sani,
da kaya, cike, har da tafinmu na bara.
Awo na biyu ne ban gani ba tukuna.
Na ja layi a littafi,
na bar gurbinsa fari.